Ga masu shirin ajiye alƙalami saboda raino da jinya

Makon jiya 'yar ƙanwata ta zo daga Jega da goyonta, ta shaida mini cewa za ta jingine karatun koyarwa da take yi, domin uwar mijinta ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma an ce ita ce ta fi kowa haƙuri a gidan. Ta ce, "Inna, na ɗan lokaci ne." Haka ni ma na faɗa a Argungu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ranar da na miƙa rajistar ajina na koma gida.

Babu wanda ya tilasta mini. Ɗana na biyu yana da sikila, idan ciwon ya tashi da hunturu sai mu kwana ina gasa masa gaɓoɓi da tsumma da ruwan ɗumi, ga kuma mahaifiyar maigidana a kwance, ina juya ta dare da rana don kada bayanta ya yi gyambo, ina ba ta kunu da cokali, ina wanke ledar katifarta. Wa zan bar wa wannan? Har gobe ina sa ran ladana, yaron kuma ya rayu, yau shi ma magidanci ne. Sai dai maigidan yana da ƙanne mata a gari guda, ban taɓa buɗe baki na ce a raba kwanan jinya ba, saboda daɗin da nake ji idan aka ce wance ba ta gajiya. Yabon nan ne ya cuce ni, ko da yake a zamaninmu matar da ta ce ta gaji sai a yi da ita a gidan biki.

Sai da auta ta yi aure, gida ya yi shiru, na ɗauki ragowar littafin makarantar jikata na fara rubuta tarihin rayuwata bayan sallar asuba. Abin da ya fito ya tsorata ni: wane ya yi zazzaɓi, wance ta fara haƙori, an yi ƙarin jini, an yi rasuwa. Abin da ni kaina nake so ko nake tsoro a waɗannan shekarun kuwa, na neme shi na rasa. Sai da na koma can baya, ga yarinyar da tsofaffin unguwa ke aikawa a kira ta karanta musu wasiƙa, sannan na ci karo da wadda na sani, kuma daga bakinta nake rubutu yanzu.

Ba mu da hujjar cewa wannan aiki na rubutu ba namu ba ne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta haihu, ta riƙe gidan Waziri Giɗaɗo, ta kuma bar waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, duk da dai gidan waziri ba ya rasa masu taya aiki. Baba ta Karo kuwa, wata tsohuwar Bahaushiya, sai da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna ta ɗauki labarinta, aka buga shi da Turanci a 1954.

Na yi niyyar jera muku nasihohi, amma kun fi son gajeriyar magana, ku da ba ku iya karanta shafi guda ba ku leƙa WhatsApp ba. Kada ku bar karatu ko aiki. Idan jinya ta zama dole, to ku bari, uwa ba ta da madadi, amma ku sa a raba kwana tun ranar farko, a gaban manya. Kuma ku riƙa rubuta abin da ke zuciyarku tun yana da zafi, ko layi uku ne, wayar da kuke ɗora hoton tuwo da ita ta isa. Kada ku nuna wa kowa. Ko da yake ni ɓoyon ne ya jinkirta ni, saboda haka a sami amintacciya guda ta karanta. Sunayen dangin miji kuwa ku sakaya su, tun da suna raye, kuma za ku haɗu a gidan suna.