Abin da na koya a ofishin oga kafin in tattara kayana

Jiya na miƙa katin shiga na fito, bayan shekara uku da 'yan watanni ina mataimakin wani ɗan majalisa a Abuja. Waɗanda muka sha zaman kwamiti tare sun san sauran labarin. Abu ɗaya ne har yau in na tuna sai in ji cikina ya juya.

Yulin 2024 ne, lokacin da maganar yarjejeniyar Samoa, wadda Tarayyar Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka da Caribbean da Pacific, ta cika gari, guruf ɗin WhatsApp da majalisar mai shayi duk ita ake yi. Wajen sha ɗayan dare oga ya kira ni wai da safe zai shiga rediyo, in haɗa masa shafi ɗaya. Takardar kanta ɗaruruwan shafuka ce, ga barci ga data ta kusa ƙarewa, sai kawai na tsinto abin da mutane ke ta turawa na gyara masa zama, na rubuta cewa tunda Najeriya ta sa hannu ranar 28 ga Yuni to shikenan ta zama doka a kanmu. Oga ya karanto shi yadda na rubuta, har da ɗaga murya. Ko minti biyar ba a yi ba wani lauya ya bugo waya, cikin sanyin murya ya ce ranka ya daɗe ka duba sashe na 12 na tsarin mulkin 1999, babu yarjejeniyar da ke zama doka a ƙasar nan sai majalisar da kake ciki ta mai da ita doka. Ina cikin mota a ƙofar gidan rediyon ina ji, direba ya miƙa hannu ya rage ƙarar, wai tausayina yake ji.

Abin haushin na san sashen nan sarai. Na san labarin Bakassi, Obasanjo da Paul Biya na Kamaru suka sa hannu kan yarjejeniya a Greentree da ke Amurka a 2006, sanatoci suka tashi a 2007 suna cewa ba a kawo musu ba, amma 2008 aka miƙa yankin ga Kamaru. Na san a aikace majalisar zartarwa ce ke tabbatar da yarjejeniya, kamar ta cinikayyar Afirka da Buhari ya sa wa hannu a Yamai a 2019, shekara ta zagayo ministoci suka amince. 'Yan majalisa sau da yawa a jarida suke fara gani, kamar kowa. Gaggawa ce ta ci ni.

Laifina ne, na yarda. Amma oga gaban baƙi 'yan mazaɓa ya tsitsiye ni, wai "yaron nan ya zubar min da mutunci", mutumin da tunda na zo ban taɓa ganin ya wuce shafin farko na kowace takarda ba. Ƙudurori nawa na rubuta masa aka tafa masa, ko sannu babu.

Sauran darussan ƙanana ne. Kar ka yi rubutu bayan sha biyun dare. Ka riƙa gaida magatakardan kwamiti, shi ya san inda takardu suke kwana. Alawus ɗin da aka ce "sai an saki kuɗi", ka cire rai.

Wanda zai gaje ni ƙanin matar oga ne. Na bar masa kundin tsarin mulkin a durowa, na lanƙwasa shafin sashe na 12.