Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Hannuwan Inna

A makon jiya na tsaya a inda likita a Garwa ta ƙasar Kamaru ya duba sakamakon awon jinin Inna, ya shaida mana cewa abin da muka shekara uku muna kira sanyin ƙashi amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓin mai ita, kuma ya fi kama mata. Ba ya warkewa, amma ana kwantar da shi.

Kunyar da na ji a ranar ita ce lokacin da na zazzage ledar magungunanta a kan teburinsa, domin babu wanda bai kawo nasa ba a gidanmu. Goggo ta aiko da sassaƙe daga Marwa, Kawu ya sayo ƙwayoyi a hannun masu talla, ni kuma ina ba ta ƙwayar rage ciwo ta diclofenac biyu-biyu duk daren da ta kwana tana nishi. Ƙwayar Kawu ashe dexamethasone ce, ita ta kumbura mata fuska alhali muna murna ta yi ƙiba, tawa kuwa tana iya lalata ciki da ƙoda.

Da likitan ya rubuta ƙwayar methotrexate, wadda ake sha sau ɗaya rak a mako, Baba ya yanke hukunci cewa hannu ɗaya zai riƙa ba da magani, wato nawa. Muka zaɓi Juma'a don kada a manta. Yayanmu na Ngaundere ya ɗauki nauyin kuɗin awon jinin da ake maimaitawa saboda hanta.

Hunturu ya fi kowane lokaci wuya. Yatsunta sukan wayi gari a sandare fiye da awa guda, ko bakin zani ba ta iya sokewa, sai autarmu ta hura gawayi kafin kiran assalatu, ta ɗumama ruwa, ta riƙe mata buta har ta idar da alwala, sannan ta yi salla a kan kujera.

Inda muka yi kuskure shi ne hana ta taɓa komai. Wata safiya ta dube ni ta ce, "Ke yarinyar nan, binne ni za ku yi da raina?" Likitan ma ya goyi bayanta, ya ce gaɓar da ba ta motsi ƙagewa take yi, don haka muka mayar mata da tsinkar zogale da tsintar shinkafa. Tana cikin tsinkar ne wata Asabar Goggo ta yi sallama da wani sabon ƙunshi a hannunta, wanda zan kawo labarinsa mako mai zuwa in Allah ya kai mu.