Godiya bayan abin da ya same mu a Tafkin Lila

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yau kwana tara da fitowarmu daga daji, kwana bakwai da sallamo ni daga asibiti. Ni da yarona muna gida lafiya lau, har ya koma makaranta. Waya ba ta daina ƙara ba tun ranar da kwalekwale ya kife da mu a tafkin, daga nan Bronx ta birnin Niyok har Katsina, kuma na san akwai da yawa da ban samu na amsa musu ba. Ku yi mini afuwa. Na ga gara in zauna in rubuta abin da ya faru sau ɗaya, in gode wa kowa a bainar jama'a, tunda alherin da aka yi mana ba a ɓoye aka yi shi ba.

Godiya ta farko ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sa kwananmu na gaba.

Ga waɗanda ke gida da suka yi ta tambaya me ya kai mu daji, bari in ɗan yi bayani. A arewacin jihar Niyok, tafiyar awa biyar da ɗoriya a mota daga inda muke, akwai gandun Adirondak. An kafa shi a 1892, faɗinsa kimanin eka miliyan 6, a cikinsa akwai tafkuna da kududdufai sama da 3,000. Wani ɓangare na mutane ne, da garuruwa da gonaki, wani kuma na jiha. Na jihar, tun 1894 aka rubuta a tsarin mulkinta cewa zai zauna daji har abada, ba a sayar da shi, ba a sare itacensa. A wannan ɓangaren kowa na iya kafa tanti ya kwana kyauta, ba tikiti, ba mai tambayarka takarda. Sharuɗɗan kaɗan ne. Ko dai ka sauka inda aka kafa wani ɗan faifai ruwan ɗorawa a jikin bishiya, alamar wurin zango ne, ko ka ja da baya ƙafa 150 daga ruwa da hanya. In za ku wuce kwana uku a wuri ɗaya, ko kun kai mutum goma, sai kun nemi izinin jami'in gandun daji. Ba famfo, ba lantarki, ba shago. Abin da ka shigo da shi, da shi za ka fita, har ledar biskit.

Shekara uku ke nan muna zuwa, ni da aminina wanda muke tuƙin tasi tare. Duk wanda ya yi awa goma sha biyu a kujerar mota tsakanin unguwar Fordham da filin jirgi ya san abin da shiru yake yi wa zuciya. Bana ne karon farko da na tafi da yarona, ɗan shekara 11, bayan ya yi wata biyu yana roƙo. Muka zama mu huɗu da ƙanen maiɗakina.

Tafkin Lila muka zaɓa, su suna furta shi Laila. Yana tsakanin garuruwan Long Lake da Tupper Lake. Ana barin kwalta a bi hanyar tsakuwa mai ramuka har wurin ajiye motoci, daga nan a saɓi kwalekwale a kafaɗa a yi tafiyar kamar rabin kilomita zuwa bakin ruwa. Wuraren zango 24 ne a kewayensa, wasu a kan tsibirai, wanda ya riga shi ne da wuri. An hana jirgi mai inji gaba ɗaya. A bakin hanya akwai akwatin katako da littafi a ciki, kowa ya rubuta sunansa da yawan mutanensa da ranar da zai fito. Aminina ne ya tsaya ya cike shi, ni ina ta gaggawa rana na yi.

Kwana biyun farko ba zan manta da su ba. Ƙarshen Satumba ne, ganyaye sun koma ja da ruwan goro kamar an barbaɗa wa duwatsu lalle. A wurin da muka sauka mun tarar wani da ba mu sani ba ya tara busassun itace ya jingina a ƙarƙashin dutse don wanda zai zo bayansa. Da asuba hazo ya rufe ruwan, muka shimfiɗa dadduma a kan falalen dutse muka fuskanci arewa maso gabas, inda alƙiblarmu take a nan. Ana cikin karatu sai wani tsuntsun ruwa da suke kira lun ya saki kuka mai tsawo daga tsakiyar tafkin. Yarona ya matso jikina. Bayan sallama ya ce, "Baba, shi ma tasbihi yake yi?" Na ce masa babu abin da ba ya yi.

Ranar ta uku bayan la'asar na ce ni da yarona mu ƙetara zuwa wani tsibiri mu gwada fatsa kafin magariba. Ruwan a kwance yake lokacin da muka tashi. Yaron yana sanye da rigar ceto a ɗaure tam, domin doka ta wajabta wa duk ɗan ƙasa da shekara 12, kuma mahaifiyarsa ta sa na yi mata alkawari. Tawa kuwa na ninke ta na zauna a kanta. Wannan kuskurena ne, ni kaɗai, kuma na rubuta shi a nan don kada wani ya ɗauka ƙaddara ce kawai ba sakaci a ciki.

A hanyar dawowa iska ta taso daga yamma. Tafkin buɗaɗɗe ne, iska na samun filin gudu, nan da nan igiyar ruwa ta fara fari a kai. Da na daure na fuskanci igiyar da hancin kwalekwalen, da wataƙila mun wuce. Sai na juya gefe don in yanke hanya. Igiya ɗaya ta cika mana ƙafa, ta biyu ta kifar da mu.

Ban taɓa sanin sanyi na iya ƙwace wa mutum numfashi ba. Na iya iyo tun ina yaro a kududdufin bayan gari, amma a ruwan nan ƙirjina ya riƙa jan iska da kansa ba da izinina ba, ina haɗiyar ruwa. Wandon jins da rigar auduga suka yi nauyi kamar an ɗaura mini buhun ƙasa. Rigar ceton tawa ina kallonta iska na tafiya da ita. Yaron ya taso sama kamar ƙwarya, ya damƙi kwalekwalen da ya kife, ya miƙo mini hannu yana cewa, "Baba riƙe nan, riƙe nan." Na riƙe. Muka yi ta maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Bayan ɗan lokaci yatsuna suka daina jin umarni, sai na saƙala hannu cikin igiyar da ke hancin kwalekwalen har gwiwar hannu. Mutanenmu suna can bayan wani lungu, ba sa ganinmu, iska kuma ta haɗiye ihunmu. A jikin rigar yaron akwai ɗan usur na roba, wanda ƙanen maiɗakina ya ɗaura masa ranar da za mu taso. Shi ya yi ta busawa.

Nan zan zo kan mutanen da saboda su na fi son rubuta wannan saƙo.

Wani dattijo Ba'amurke da matarsa, dukansu sun haura saba'in a ganina, suna zango a tsibirin da ke kusa. Matar ce ta ji usur ɗin. Suka tura kwalekwalensu cikin iskar da ta kifar da mu. Da suka iso na yunƙura zan kama gefen nasu, dattijon ya daka mini tsawa, ya ce in na hau ta gefe duk mun kife. Ya karkata jikinsa ɗaya ɓangaren, matar ta kama kafaɗun rigar yaron ta jawo shi ciki. Ni kuma ya zagaya mini igiya ta ƙarƙashin hamata, suka ja ni a baya har gaɓa. Ina ganin bayansa a sunkuye yana tuƙi, yana kiran ƙidaya don filafilansu su tafi tare. Yana juyowa lokaci zuwa lokaci yana tambayata sunan yarona, da garinmu, da abin da na ci da rana. Daga baya na gane so yake kada in yi shiru.

A gaɓa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Suka yanke mini jiƙaƙƙun kaya da almakashi, suka shimfiɗa tabarmar roba, suka sa ni cikin jakar barci biyu, suka cusa gorunan ruwan ɗumi naɗe da safa a hamatata da ƙirjina. Na roƙi a kai ni bakin wuta a murza mini ƙafa, matar ta ce a'a. Ta ce in an murza gaɓoɓi jinin da ya yi sanyi zai koma zuciya da sauri, kuma fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mutum bai sani ba. Ta sa na kwanta ban motsa ba. Da ta ga ina iya haɗiya sai ta riƙa ba ni shayi mai sukari da cokali. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin wannan hali, da za ta ba yaron miya daga gwangwani, ta haska tocila ta karanta jikinsa, ta mayar, ta ɗauko wani. Ta ce na farkon akwai naman alade. Ba wanda ya gaya mata. Ta ji abin da muke ambato a cikin ruwa ne.

Waya ba ta aiki a wurin ko kaɗan, amma suna da wata 'yar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Da ita suka kira taimako. Sannan dattijon, da gajiyarsa, ya jira iska ta ɗan lafa ya sake shiga ruwa da fitila a goshi ya je ya gaya wa mutanenmu muna raye. Aminina ya ce lokacin da ya hango fitilar, ya riga ya gama shirya kalmomin da zai faɗa wa maiɗakina.

Ban karɓi lambarsu ba, ban ma riƙe sunayensu daidai ba, hankalina ba ya jikina. Allah ya san su. Ina roƙonsa ya saka musu da mafificin alheri, ya ba su lafiya da tsawon rai, ya haskaka zukatansu, ya sa 'ya'yansu su samu mai tsaya musu a ranar da suke buƙata.

Ina godiya ga jami'an gandun daji na jihar da suka iso cikin dare. Sun duba littafin nan na bakin hanya, suka san mu huɗu ne, don haka ba su ɓata lokaci suna neman wani a ruwa ba. Suka naɗe ni, suka fitar da ni, suka ɗauke ni a kan makara ta hannu tsawon hanyar nan da muka bi da kwalekwale a kafaɗa, cikin duhu da saiwoyi. Ba su karɓi ko sisi ba, kuma babu wanda ya ɗaga mini murya. Ɗayansu dai ya tsuguna kusa da ni ya ce a hankali, rigar ba ta da amfani sai a jiki. Na ji, na riƙe. Godiya ga masu motar asibiti, da likitoci da nas-nas na garin Saranac Lake da suka kula da huhuna saboda ruwan da na shaƙa. Wata nas ta nemo mini inda alƙibla take a wayarta, ta juya mini gado.

Aminina, ɗan'uwa rabin jiki, kai ka tattara kayanmu duka, ka jawo kwalekwalen haya ka mayar, ka share wurin zangon ba ka bar ko tsinke ba, ka kuma tara itace ka jingina a ƙarƙashin dutsen nan kamar yadda muka tarar. Kwana biyu ka yi kana barci a mota a harabar asibiti, ka bar aikinka. Ƙanen maiɗakina, usur ɗin da ka saya na dala biyu ne Allah ya sanya ya zama sanadi. Allah ya biya ku.

Jama'ar masallacinmu, Liman da dattawa da matasa, na ji labarin addu'ar da aka yi mana bayan isha'i, na kuma ga karo-karon da aka haɗa don kuɗin asibiti tun ban buɗe baki ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da na Gana da muke sahu ɗaya da su, matanku sun cika mana gida da abinci har muna rabawa maƙwabta. Direbobin da suka karɓi fasinjojina na kullum suka kawo kuɗin gida, ban san yadda zan yi da ku ba. Allah ya bar zumunci.

Hajiya, mahaifiyata, na san an ɓoye miki sai da na iya magana da kaina. Ki yafe wa waɗanda suka ɓoye, ni na roƙe su. Sadakar da kika yi ta isa.

Maiɗakina, kin ba ni amanar ɗanki na kai shi inda ya ga mahaifinsa yana nutsewa. Da kika shigo ɗakin asibiti ba ki ce komai ba sai Alhamdu lillahi, kika zauna kika riƙe hannuna. Na nemi gafararki a ɗaki, ina sake nema a nan.

Kai kuma yarona, na san za ka karanta wannan a wayar mamanka. Ba ka saki kwalekwalen ba, ba ka saki usur ba, ba ka saki ambaton Allah ba. Allah ya yi maka albarka, ya raya ka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Rigar ulu shuɗiya da matar nan ta sa wa yaron tana nan wurinmu, an wanke an ninke. Zan aika da ita ofishin jami'an gandun daji da ke garin Ray Brook tare da wasiƙa, ko za su iya sadar da ita ga masu ita ta saƙon da suka aika a daren. Ranar Juma'a mai zuwa kuma, in Allah ya kai mu, za a yi saukar Alƙur'ani da 'yar walima a masallaci bayan sallar la'asar. Duk wanda ke kusa muna gayyatarsa, ya zo da iyalinsa.

Wassalamu alaikum.