Uwar magunguna: kowa ya san saiwar, itacen fa?

Ka shiga kasuwar Kurmi ka ce sanya kake nema, nan take za a miƙo maka ɗaurin saiwa a ce ga uwar magunguna, amma ka kai mai sayenta daji ka ce ya nuna maka ita a tsaye sai kame-kame. Yawancinmu saiwar kawai muka sani wallahi.

Alhali gane ta ba wuya in ka dace da lokaci. Ba wata doguwa ba ce, sau da yawa ma ba ta wuce tsayin mutum biyu, jikinta fari-fari sumul, rassan sirara suna ɗan rankwafowa, ganyen ƙanana dogaye masu zagayayyen baki. Da bazara gab da ruwan farko take fure, ja mai sirkin shuɗi, cunkus a rassa, ga ƙamshi tun daga nesa, ƙudan zuma kuwa ba a magana. Amma ni abin da na fi dogara da shi 'ya'yan ne, kowane ɗa ƙwallo ne guda da fiffike ɗaya a gefe, in ya bushe ya faɗo sai ya riƙa juyi a iska. Ka ga wannan to magana ta ƙare. Masana suna ce mata Securidaca longipedunculata.

Masu tona su da hanci suke aiki, saiwar warin man zafi take sak, kuma nan matsalar take, don wanda ya zo tona ba ya ɗiban kaɗan ya mayar da ƙasa, tumɓuke ta yake gaba ɗaya ya loda a buhu. Ga shi irinta ba ya tsira da sauƙi, dashe ma ba ta cika kamawa ba. Shi ya sa a kusa da gari sai ka wuni ba ka ga ko ɗaya ba.

In nema kake, sai dajin doka da taura irin na Falgore ko Yankari, wurin jigawa ko tsakuwa inda rana ke ratsa itatuwa, kar ka ɓata lokaci a fadama. Kuma ɗai-ɗai take fitowa, ba ta yin kurmi. Ka samu maharbi ko Bafulatanin yankin ya raka ka, yanayin dazuzzukan nan yanzu ba na shiga kai kaɗai ba ne. Sannan don Allah ban da ɗanɗana saiwar, in ta yi yawa guba ce.