Yadda na bi diddigin gidan bishop a ƙauyen Lyddington

Gardama ce ta kai ni Lyddington, wani ƙaramin ƙauye a gundumar Rutland ta Ingila. Maƙwabcina a Lesta, dattijo mai son tarihi, ya dage cewa tsohon ginin da ke jikin cocin ƙauyen gidan gajiyayyu ne kawai, ni kuwa na ji an ce bishop, wato babban limamin coci, ya taɓa zama a ciki. Na hau bas zuwa Uppingham, na ƙarasa da ƙafa.

Kafin tafiyar na yi wani kuskure. Na ga littafin ƙidayar filaye na 1086 ya sa gandun ƙauyen a hannun bishop na Lincoln, sai na ɗauka magana ta ƙare. Dattijon ya ce mini, "Ɗana, mallakar gandu daban, kwana a cikinsa daban." Gaskiyarsa. Bishop yana da gandaye birjik, wasu ba ya ko leƙa su, wakili ke tara masa amfanin gona.

Da na hau benen ginin na fara samun hujja. Akwai wani babban ɗaki a sama, an zagaye bakin rufinsa da sassaƙar katako mai laushin aiki, irin wadda ba a yi wa wakilin gona. Na daɗe a tsaye a wurin, wuyana har ya gaji. A gilasan taga kuma akwai tambarin bishop-bishop na ƙarshen ƙarni na 15. Daga baya na karanta cewa a 1336 sarki ya ba Bishop Henry Burghersh izinin yi wa gidan ganuwa.

Amma abin da ya gamsar da ni yana ɗakin karatu, cikin rajistocin bishop-bishop ɗin. Magatakarda kan rufe takarda da rana da kuma wurin da aka rubuta ta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ga sunayen suna sauyawa: Buckden, Nettleham, Stow, Lyddington, a sake komawa. Yankin bishop na Lincoln a lokacin ya miƙe daga kogin Humber har kogin Thames, ba ya mulkuwa daga wuri guda. Sai ya riƙa yawo da jama'arsa da dawakai, ya sauka a gida ɗaya, a ci hatsi da kifin tafkunan gandun, a tashi zuwa na gaba.

Na koma na gaya wa dattijon cewa shi ma bai yi kuskure ba. Masarauta ta karɓe gidan a 1547, a 1600 kuma wani basarake mai suna Thomas Cecil ya mai da ragowarsa masaukin talakawa maza 12 da mata biyu. Ƙananan ɗakunansu na nan a ƙasa, kowanne da ɗan murhunsa, daidai ƙarƙashin ɗakin bishop.