Abin da ɗakin wankin rauni ya koya min a ƙauye

Shekara 6 na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin karkara, har na kai ko ban duba kalanda ba, raunin da aka shigo da shi zai gaya min lokacin da muke ciki. Da bazara, mangwaro na nuna, sai yara su yi ta faɗowa daga bishiya, karaya a gwiwar hannu. Damina ta saran fartanya ce da tunkuyin shanun huɗa. Da kaka lauje ne da injin casa mai cin yatsu. Hunturu kuwa ƙuna: an hura wuta a ɗaki, mai rarrafe ya afka.

Babur shi ba ruwansa da lokaci, sai dai ranar kasuwa ya fi ɓarna. Mutum 3 da buhun masara, wani sa'in har da akuya. Tun 2009 aka tilasta sa hular kwano a Najeriya, amma a can ban ga mai ita ba.

Wanda ya tsaya min a rai wani yaro ne ɗan shekara 9. Kwana 5 da faɗowarsa aka kawo shi, hannu a ɗaure tam da karare da tsumma. Da na kwance, yatsun sun yi baƙi, sanyi ƙalau.

Uban ya ce, "Malam, ai ɗorin ya kama, kumburin ne ya ƙi saɓewa."

Na ce, "Baba, tun yaushe ya daina motsa yatsun?"

Ya yi shiru. Matsewar ce ta hana jini gudu. Muka tura su babban asibiti, can aka yanke hannun.

A da faɗa nake yi wa iyaye kan zuwa wurin mai ɗori, ashe ni nake koya musu ɓoye min gaskiya. Bayan wannan yaron sai na sauke girman kai, na taka har zauren mai ɗorin garin, dattijo ne da ya gāji sana'ar. Muka sha fura, na roƙe shi abu biyu: ya riƙa sassauta ɗauri, kuma in ƙashi ya huda fata ko yatsu suka yi sanyi, ya turo mana nan take.

Bai ce min to ba. Amma da mangwaro ya sake nuna, sai ga ɗansa a babur, ya goyo wata yarinya da mahaifiyarta, ya ce Baba ya ce wannan taku ce.