Zaibar da ke cikin tsohuwar na'urar ƙirga ƙwayoyin jini

Makon jiya aka ce mu kwashe tarkacen sito za a yi fenti. Can ƙurya muka tarar da tsohuwar na'urar Coulter mai ƙirga ƙwayoyin jini, wadda aka jingine tun kafin a ɗauke ni aiki. Ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki ya cicciɓe ta zai kwantar a baro, na yi wuf na riƙe hannunsa.

A cikinta akwai lanƙwasasshen bututun gilashi cike da zaiba. Da ita na'urar ke awo: famfo ya ja zaibar, sa'ad da take komawa mazauninta sai ta zuƙo ruwan gishiri mai ɗauke da ƙwayoyin jini ta wata 'yar mitsitsiyar kafa. Zaibar ta taɓa waya ta farko, ƙirga ta fara. Ta taɓa ta biyu, ta tsaya. Ruwan da ta zuƙo tsakanin nan rabin mililita ne cif. Tun 1953 Wallace Coulter ya karɓi takardar mallakar wannan hanyar ƙirga, kuma har yau tana burge ni.

Amma zaiba ba ta wari. Ko ba a ɗumama ta ba tana tururi, huhu ya sha, ta wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda. Da gilashin nan ya fashe a siton da ko taga babu, da mun shaƙa ba mu sani ba.

Muka fito da na'urar a tsaye zuwa baranda, muka ɗora a faffaɗan tiren roba. Na ce Maman Hauwa da ke taya mu aikin ta cire zobenta, don zaiba na cin zinare. Da safar hannu da sirinji na riƙa zuƙewa a hankali ina zubawa a kwalbar roba mai kauri. 'Yar kaɗan ce amma nauyinta ya ninka na ruwa fiye da sau 13. Ɗigo biyu suka kuɓuce mini. Na haska tocila a kaikaice, na tattaro su da kwali, na barbaɗa farar wuta a wurin. Tsintsiya kam na hana, watsa ta take yi.

Da yamma wani ya same ni, wai masu haƙar zinare za su saya da tsada. Su kuwa ƙona ta suke yi a tsakar gida, yara na zaune. Na ce masa a'a. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da zaiba tun 2013 saboda irin wannan. Kwalbar na cikin kabad a kulle, na rubuta "GUBA" da jan biro, makullin yana aljihuna har masu kwashe sharar guba su zo.